Yadda Na-Sani Ya Raba Layinmu Da Taba

A layinmu akwai wani mai aski da muke kira Na-Sani. Ba daga gida ya zo da sunan ba, bakinsa ne ya raɗa masa. Duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai tsakiya ya tare ka da "ai na sani". In ka ce motarka ta ƙi tashi, ya san dalili. In ka ce matarka ta haihu, ya san namiji ne, in ka ce mace ce kuma sai ya ce abin da yake nufi ke nan. Askinsa ba laifi, in dai za ka iya jure surutu da warin taba, don shekara talatin da ɗoriya yana busawa, har silin ɗin shagonsa ya dafe.

'Ya ɗaya gare shi, tana aure a wani gari mai nisa, ita ma da 'yarta mai shekara huɗu. Wannan jika ita ce ran Na-Sani. Sau biyu kacal ya taɓa ɗaukarta, amma hotonta na liƙe a gefen madubi, kuma ba wanda yake tashi daga kujerar aski bai ji labarin basirarta ba.

Wata Talata da hantsi 'yar ta kira shi. Ya ga abin alfahari ne, sai ya buɗe sifika don Tela da Bakanike su ji, maƙwabtansa biyu da suka mayar da bencin ƙofar shagon wurin shan tabarsu. Ta ce an yi wa mijinta canjin wurin aiki, ita da yarinya za su zo su yi wata biyu kafin a sami gida. Na-Sani ya dubi benci yana washe baki.

"Amma Baba, akwai magana," in ji ta. "Likita ya ce yarinyar nan asma gare ta. Ko warin taba a jikin riga tayar mata da ciwon yake yi. Wancan watan kwana uku muka yi a asibiti. Ba rashin kunya nake maka ba, amma in ba ka daina ba gidan Gwaggo za mu sauka, kuma ba zan bari ka ɗauke ta ba."

"Ai na sani," in ji Na-Sani, yatsansa na laluben wurin kashe sifika.

"Na yi maka magana da wata likita a nan garinku, mai allurar kunne irin ta Sinawa. An ce tana taimaka wa masu son dainawa. Alhamis ƙarfe goma take jiran ka. Saura sati uku da 'yan kwanaki mu zo."

Da ta kashe, Tela ya busa hayaƙi sama ya ce, "To fa. Jika ko taba."

"Wannan har abin zaɓi ne? Ni fa taba ba kama ni ta yi ba, ni na kama ta. Ranar da na ga dama zan sake ta. Likitar ma don kada ran yarinya ya ɓaci zan je."

Ranar Alhamis ya sha manyan kaya, ya bi layi yana sallama da kowa kamar mai tafiya ƙasar waje. A ɗakin jira na asibitin ya tarar da mutum huɗu, kafin a kira shi ya gama yi musu bayanin yadda allurar take aiki, shi da bai taɓa ganin ta ba. Aka shigar da shi. A gadon gefe ga wani bawan Allah a kwance, allurai biyar a tsaye a kunnensa, wasu a bayan hannu, yana ta minsharinsa. Na-Sani ya tsaya cak. Abin da layi bai sani ba shi ne, duk duniya ba abin da mutumin nan yake tsoro kamar allura. Ko zazzaɓi ya kwantar da shi, roƙon ma'aikatan asibiti yake yi su ba shi ƙwaya.

Likitar wata 'yar ƙaramar mata ce mai sanyin murya. Ta ce, "Baba, kada ka damu, siririya ce kamar gashi. Bayan wannan zan sa maka ƙanana a ƙarƙashin filasta ka tafi da su gida."

"Ni ne zan damu? Ni da nake yawo da reza a maƙogwaron mutane?"

Ta yaga takarda, allura ta yi ƙyalli. Na-Sani ya miƙe zumbur ya ce ya tuna ya bar shago a buɗe, yanzu zai dawo. Bai tsaya ba sai a wani kemis, titi uku daga asibitin. Ya sayi filasta, ya zaro almakashi daga aljihu ya yanka ƙanana guda huɗu, ya duba madubin wata mota da aka ajiye a bakin hanya ya manna bibbiyu a kowane kunne.

Ya dawo layi yana tafiya a hankali, wuya a sandare, kamar wanda ya ɗauko faranti cike da ƙwai.

"An yi?" in ji Bakanike.

"An gama. Huɗu ta sa mini. Sauran mutane ɗaya ake sa musu su suma."

"Da zafi?"

"Hira muke yi. Da ta ga yadda na san kunne, littafi ta ɗauko tana rubutawa. Shekara talatin ina naɗe kunnuwan mutane ina aske bayansu, wa zai koya mini kunne? Har ragowar allurai ta ba ni, ta ce in riƙa taimakon jama'a, don aiki ya yi mata yawa."

Da ya tsaya a "an gama" da ya zauna lafiya. Tela ya yi wani dogon tari, ya murƙushe tabarsa a ƙafar benci ya ce, "To fara taimako da ni. Matata ta ishe ni da mita, kayan mutane kuma sau biyu ina ƙonawa a watan nan."

Na-Sani ya shiga bayan labule wai zai haɗo kayan aiki. Ya tsaya yana zufa yana dube-dube, idonsa ya faɗa kan burushin da yake kaɗe wa mutane gashi a wuya, mai fararen gashi masu tauri. Ya tuna an ce siririya kamar gashi. Ya datsi guda biyu, ya ɗora su kan auduga a murfin kwalba, ya fito da su yana riƙe da hannu bibbiyu.

Tela ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta ga haske. "Shekara nawa ina riƙe allura, ban taɓa ganin mara kafa ba."

"Ɗinki aka ce za a yi a kunnenka?"

"Kuma tana lanƙwasawa."

"In ba ta lanƙwasa ba ta ina za ta bi jijiya? Jijiya titi ce?"

Maganar ta shige Tela. Na-Sani ya ga mutumin ba shi da niyyar fasawa, sai ya ce bari ya tsorata shi ko ya rabu da ƙaya.

"Amma ka sani, akwai sharaɗi. In ka kuskura ka ja taba da allurar nan a kunne, hayaƙi zai tura ta cikin jijiya, ta bi jini, ta sauka a zuciya. Wani ya gwada a can asibitin."

"Yaya ya ƙare?"

"Ba na so in tayar maka da hankali."

Tela ya kalli Bakanike, ya zauna a kujera ya miƙa kunne. "Irin wannan nake so. Ni in ba da tsoro ba, ba na barin abu." Bakanike kuwa ba ya yarda Tela ya riga shi komai, ko da faɗawa rami ne, shi ma ya miƙa nasa. Gashin burushi ya ɗan soki fata a ƙarƙashin filasta, su biyun suka ce wallahi sun ji shigarta har tafin ƙafa.

Kwana uku na farko layi bai zaunu ba. Bakanike ya yi faɗa da mai mota, ya yi faɗa da motar, ya dawo ya yi faɗa da Tela a kan wai yana numfashi da ƙarfi. Tela ya ɗinke wa wani aljihun wando ruf, ya cinye biskit leda shida a yini ɗaya. Sau goma hannunsu na kaiwa aljihu, sau goma suna taɓa kunne su fasa. Abin haushi, da sati ya zagayo ba wanda ya ja ko kara ɗaya a cikinsu.

Labari ya bazu. Matar Tela ta zo har ƙofar shago ta yi godiya da hawaye. Direbobi suka zo, masu gadi suka zo, mahauci ya zo da ƙannensa biyu. Na-Sani ya daina gumi, ya fara jin daɗin abin. Ya samo farar riga ya sa, ya hana a yi magana da ƙarfi lokacin aiki, ya ce shi ba ya karɓar ko sisi don baiwa ba a sayar da ita. Burushi kuwa kullum raguwa yake yi. Wani da aka yi wa aski ya ce, "Wai burushin nan sanƙo yake yi ne? Katako nake ji a wuyana." Na-Sani ya ce tsufa ne, kowa ma zai kai.

Shi gogan bai rage ko kara ɗaya ba. A satin farko abin ya zo masa da sauƙi, don in matarsa ta ji wari a rigarsa sai ya ce na marasa lafiya ne da suke zuwa shago. A sati na biyu marasa lafiya suka ƙare. Duk namijin da ke layin yana yawo da filasta a kunne, ba hayaƙin da zai ɓoye nasa a ciki.

Tabarsa ta ƙare, ya je wurin Mai Tireda na bakin layi, ya rage murya ya ce, "Ba ni kara uku. Gwaji zan yi a kan wata sabuwar allura."

Mai Tireda ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ka kashe mini kasuwarta, yanzu ka zo gwaji? Na daina sarowa. Biskit da alewa mutanenka suke ci kamar fara. Ko a ba ka alewa ka gwada?"

Ya wuce layi na gaba. Mai shagon can na hango shi ya taso da murna yana nuna nasa kunnen, ya ce, "Likita da kansa. Kwana takwas yau, Allah ya saka." Na-Sani ya duba masa filasta, ya ce tana zaune daidai, ya wuce. Sai da ya shiga mota ya tafi can ƙarshen gari, ya ja hula ta rufe kunnuwa, ya sa takunkumi, sannan ya sami mai sayar masa da kwali ɗaya.

Samun taba ashe shi ne mai sauƙi. Mutanen da suka daina sha, hancinsu ya farka. Wata safiya Tela ya zauna a benci yana yamutsa fuska ya ce wa Bakanike, "Ashe haka kake warin baƙin mai shekara ashirin, ba wanda ya faɗa mini?"

"Kai kuma warin sabon yadi da tsohon gumi. Na yi shiru ne don zaman lafiya."

Suna cikin haka Tela ya ɗaga hanci. "Tsaya. Wani na shan taba."

Na-Sani ne, a tsugune bayan shago tsakanin bango da tankin ruwa. Ya ji takunsu, ya tura guntun a ƙasa ya take, ya fito yana gyara wando.

"Ka ji abin da muka ji?" in ji Bakanike.

"Ai na riga ku ji. Janareto ne."

"Akwai wuta, ba wanda ya tayar da janareto. Taba ce, kuma a layin nan kowa da allura a kunne. Wani zai kashe kansa, Likita."

Nan take aka tara maza, aka ce ba za a zuba ido ɗan'uwa ya mutu ba. Aka kafa 'yan sintiri, aka naɗa Na-Sani shugaba, don ba wanda ya fi shi sanin haɗarin. Kwana huɗu yana jagorantar neman kansa. In hanci ya nuna gabas sai ya ja su yamma. Ya ɗora laifi a kan bola, ya ɗora a kan wani baƙo mai gyaran takalma da ya ratsa layi, ya ɗora a kan iska. Bakanike ya tsinci guntun taba da sauran ɗuminsa a cikin matacciyar tasin da ke bayan garejinsa, aka jera maza goma sha bakwai a rana ana shinshina bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na-Sani ne ke riƙe da littafin sunaye, yana tsaye nesa, jikinsa na tashin sifirit da turaren aski har idon mutane na ruwa.

Sifirit ɗin ne ya ci amanarsa. Ya saba in ya gama sha ya shafe gashin baki da shi don kashe wari. Ran nan ya shafa, aka kira shi ya duba kunnen wani, ya shige banɗaki da ƙishin wata tabar, ya manta da sifirit ɗin. Ya ƙyasta ashana, wuta ta ce bup. Ya fito da rabin gashin baki, ɗaya gefen sumul, yana ƙauri.

"Me ya same ka?" in ji Tela.

"Zafin allura ne ya sami hanyar fita. Wanda jikinsa ya karɓi magani sosai, ta gashin baki yake fita."

Bakanike ya shafa nasa gashin bakin, ya ji shi cif, ransa ya ɗan sosu. "Ni biyu kawai ka sa mini. Ka ƙara mini."

A gida kuwa ba a sayi wannan magana ba. Matarsa ta ajiye masa abinci, ta daɗe tana kallon fuskarsa, ta ce, "Maigida, kai da ko allurar zazzaɓi sai an bi ka da gudu, yau kai ne da huɗu a kunne?"

"Waccan ta 'yan koyo ce."

"Allah ya sa. Ni dai na wanke labule, na shanya katifu, na goge bango har hannuna ya saɓule. Shekara biyu ban ga yarinyar nan ba. In ta sauka gidan yayarka saboda kai, ni da kai ne a gidan nan."

Wannan magana ta tsaya masa a rai, don yana son yarinyar da gaske, kuma ya san ƙarya yake yi. Kullum sai ya kalli hoton gefen madubi ya ce gobe zai daina. Goben ta yi ta matsawa har ranar zuwansu ta zo.

An ce da la'asar za su iso. Da azahar Na-Sani ya sallami mai aski na ƙarshe, ya turo ƙofar shago, ya ce bari ya yi ta bankwana, daga ita shi ke nan har abada. Ya yi dabara irin tasa. Don kada wari ya kama sabuwar rigarsa, ya zauna a kujerar aski, ya lulluɓe jikinsa da mayafin aski na leda tun daga wuya har gwiwa, ya ɗaure ta baya. Ya kunna, ya ja sau biyu, ya lumshe ido.

Sai ga hon ɗin mota, ga hayaniya. Sun sami hanya da kyau, sun iso da wuri. Tela da Bakanike suka tare tasin tun daga bakin layi, suka ce kafin a shiga gida sai 'ya ta ga irin aikin da ubanta ya yi. Maza masu filasta suka biyo baya, mata suka leƙo, matar Na-Sani ta fito da gudu ta rungume jikarta. Aka turo ƙofar shago. Na-Sani ya ja hannu da tabar cikin mayafi, ya zauna ƙiƙam.

"Baba, sannu da gida," in ji 'yarsa daga bakin ƙofa, yarinya na riƙe da gefen zanenta tana leƙen kakanta. "An ba ni labari tun daga bakin layi. Wallahi har na yi kuka. Me kake yi a cikin mayafi?"

"Gyaran fuska zan yi wa kaina, saboda baƙi. Ku je gida, ga ni nan."

"Taso mana ka ɗauki amaryarka."

Na-Sani bai motsa ba. Wani siririn hayaƙi ya fara fitowa ta wuyan mayafin, ya bi gefen kunnensa ya yi sama.

"Likita," in ji Tela a hankali, "kana hayaƙi."

"Ai na sani. Tsohon hayaƙi ne. Na shekara talatin da ke kwance a ƙirji. In allura ta cika sati uku, ta ramukan gashi take koro shi. Shi ya sa na rufe ƙofa."

"Ikon Allah," in ji mahauci. Wasu suka matso suna kallo. Bakanike ya leƙa cikin tasa rigar ya ce shi bai ga komai ba, Na-Sani ya ce masu biyu sai sati na huɗu. Da abin ya tsaya nan, na rantse da sun yarda. Amma leda ba ta san girman likita ba. Daidai cinyarsa wani baƙin ɗigo ya bayyana, ya buɗe ya zama rami mai jan baki, narkakkiyar leda ta ɗiga masa a kan wando. Na-Sani ya yi tsalle da ƙara, taba ta faɗi ƙasa, ta gangara ta tsaya a gaban takalmin Tela tana ci.

Yarinya ta fara tari. Uwarta ta sure ta ta koma tsakiyar titi, kakarta na biye tana laluben abin shaƙa a jaka.

Bakanike ne ya fara dawowa hayyacinsa, kuma abin da ya tuna shi ne sharaɗi. "Ya sha da allura huɗu a kunne! Ku kama shi kafin su kai zuciya."

Kafin Na-Sani ya buɗe baki an danne shi. Bakanike ya fizge filasta ta farko, ba komai a ƙasa. Ta biyu, ba komai. Ta uku da ta huɗu, fata ce fes.

"Sun shige duka," in ji Bakanike. "Ku juya shi, kai ƙasa, kada su gangara."

Ƙannen mahauci suka kama ƙafa ɗaya ɗaya suka ɗaga shi sama kamar ragon da za a feɗe. Kwalin taba ya zubo daga aljihu, ashana ta biyo, wasu kara biyu suka faɗo daga cikin safa. Wani ya ruga gareji ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika, Bakanike ya shiga goga masa a ƙirji yana jawowa wajen wuya.

"Ku sauke ni, ba haka ake yi ba."

"Yi shiru, Likita, ranka muke nema. Direba, juyo da mota. Asibiti za a kai shi, su yi masa allurar barci su tsaga ƙirjin su ciro."

Da jin an haɗa allura da tsagawa a jimla ɗaya, Na-Sani ya saki gaskiya, kansa a ƙasa, jini ya taru a fuska.

"Babu allura. Wallahi babu. Gudu na yi daga asibitin, ko taɓa ni ba ta yi ba. Filasta ce kawai."

Aka sauke shi, ba a hankali ba. Tela ya kai hannu kunnensa, ya ɓare tasa filastar, ya ɗauki abin da ke ciki ya ɗaga ga haske kamar ranar farko. Ya waiga, ya hango burushi a kan teburin madubi, saura 'yan gashi kamar goma a gefe ɗaya. Ya ɗauko, ya gwada tsawo, ya gwada kauri. Ya miƙa wa Bakanike.

"Kwana ashirin da uku," in ji Bakanike. "Na yi faɗa da matata, na yi faɗa da masu motoci, na kusa cin sitiyari. Saboda burushi."

Dariya ta ɓarke daga bayan taro, ta mata ta fi ƙarfi. Maza goma sha bakwai suka tsaya suna ɓare kunnuwa, kowa na kallon gashin burushi a tafin hannunsa. Mai Tireda ya ce a faɗa masa tun yanzu, ya saro taba ko ya ci gaba da biskit. Tela ya sunkuya ya ɗauki kara ɗaya daga ƙasa, kowa ya zuba masa ido. Ya kai hanci, ya yamutsa fuska, ya jefa ta a kwata.

"Ci gaba da biskit," in ji shi.

Na-Sani ya fito titi da rabin gashin baki da ƙonannen wando. Tarin yarinya ya lafa, an sa ta a bayan tasi an ɗaga gilashi. Ya nufi motar, 'yarsa ta tsaya a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, idonta ne ya cika.

"Baba, da ka ce mini ka kasa, da na fi jin daɗi. Gidan Gwaggo za mu. Ranar da Baba Tela da Baba Bakanike suka shinshina ka kwana bakwai a jere ba su ji komai ba, ka zo ka ɗauke ta."

Matarsa ta shiga gida ta fito da jakarta, ta shige gaban mota ba ta ko dube shi ba. Yarinya ta manna tafin hannu a gilashi tana kallon kakan da ake ta ba ta labari. Ya ɗaga mata hannu, mota ta ja, bai sauke hannun ba har suka sha kwana.

Taro ya watse ana maimaita "tsohon hayaƙi". Aka bar su uku a benci. Na-Sani ya daɗe yana juya burushin a hannu, sannan ya ciri gashi ɗaya daga ragowar ya miƙa wa Tela.

"Manna mini. Tunda ta yi muku aiki."

"Mu allura aka sa mana," in ji Tela. "Kai ka san burushi ne. Sai dai ka daina da ƙarfin kanka, yadda muka yi ba mu sani ba."

Na-Sani ya sunkuyar da kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wace rana ce ta fi wuya?"

"Ta uku," in ji su a tare.

"To ku zo ku zauna da ni ranar."

"Za mu zo," in ji Bakanike. "Amma reza da almakashi a garejina za su yini."